Shoka, fok ko gwafa: sunan ƙarafan da ke riƙe tayar gaban babur

Jama'a, assalamu alaikum. Maganar da muka faro makon jiya a kan sunan ƙarafan nan biyu da ke riƙe tayar gaban babur ta yi tsawo, kuma tun da ni na tayar da ita, ya kamata in tattara abin da aka faɗa in bayyana inda na tsaya.

Abin da ya jawo maganar shi ne, ranar wata Asabar na kwance gaban babur ɗina Boxer a tsakar gidanmu a Aboabo, cikin Kumasi, saboda mai yana tsiyaya daga ƙarfen hagu har ya fara jiƙa birki. Na aiki ƙanena Suame, unguwar masu sayar da kayan gyaran ababen hawa, na ce ya sayo mini robar shoka da man shoka, sai ga shi bayan azahar da robobin da ake sa wa idon shokar baya, wai mai shagon ya ce masa ba a zuba wa shoka mai. Mai shagon bai yi ƙarya ba, domin shokar bayan irin waɗannan ƙananan babura a rufe take zuwa, idan ta mutu sai dai a cire a sa sabuwa. Ta gaba kuwa buɗe ta ake yi, a zubar da tsohon mai, a wanke, a canja roba, a mayar. Da suna ɗaya muke kiran abubuwa biyu da aikinsu ya yi kama amma gyaransu ya sha bamban, kuma ina ganin wannan yana cikin dalilan da suka sa 'yan okada da yawa suke hawa shekara da shekaru ba su taɓa canja man gaba ba.

Wasu sun ce a bar sunan a fok, wato kalmar Turanci fork, yadda masu gyaran keke suke faɗa. Ba na ƙyamar aro, ai sifirin da birki da taya duk aro ne kuma sun zauna daram a bakinmu, amma fok ba ta nuna wa mai koyo komai, kuma kowa ya san yadda take faɗuwa a kunnen wanda ya ji Turanci. Wanda ya kawo cokali mai yatsu kuwa, da girmamawa nake cewa Malam ya fassara kalmar ne bai duba ƙarfen ba.

Wani dattijo daga unguwar Asawase, wanda ya yi shekaru yana aikin fita, wato kanikanci, shi ya kawo gwafa, kuma a nan hankalina ya kwanta. Gwafa ita ce icen da ya rabu biyu a kai, wanda ake kafawa a ɗora masa nauyi, irin na rumfa ko wanda ake tokare reshe da shi. Ainihin abin da kalmar Turancin take nufi ke nan tun kafin a ƙera babur: abu guda da ya rabu gida biyu. An yi ƙorafi cewa bakin gwafa sama yake kallo, na babur kuwa ƙasa. Haka ne, amma duk wanda ya taɓa kifa keke don ya liƙe tayarsa ya ga gwafa tsaye da taya a bakinta. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa gwafa sandararriya ce, ba ta shiga ba ta fita. Amsata ita ce, sunan ya ɗauki siffar abin gaba ɗaya, motsin kuma a bar wa sunayen sassansa, kuma a nan Hausa ta fi Turancin dacewa.

Kowace ƙafar gwafa bututu biyu ne. Akwai siriri mai ƙyalli da aka ɗaure a sama, akwai mai kauri da ke riƙe da gatarin taya, siririn yana shiga cikin mai kaurin yana fita. Wannan takobi ne da kubensa, shi ya sa nake ba da shawarar a kira na ƙasan kube, na saman kuma sanda. Tsarin ba sabo ba ne, kamfanin BMW na Jamus ya fito da shi tare da mai a ciki a babur ɗinsa R12 tun 1935. A bakin kube akwai roba biyu: ta sama mai kare ƙura, wadda za mu iya kira hular ƙura, da ta ƙarƙashinta mai hana mai fita, wato zoben mai, wanda wata 'yar waya mai lanƙwasa take danne shi. Idan ƙurar hunturu ta haɗu da tsatsar damina ta yi wa sanda ƙananan ramuka, su ne suke yanka leɓen zoben, don haka wanda ya sa sabon zobe bai shafa sandar da farce ya ji ko ta yi kaushi ba, zai sake kwancewa ba da daɗewa ba.

Ga yadda bayanin yake fita da waɗannan sunaye, ku gwada shi a kunne. Ka sassauta murfin sanda tun gwafar tana ɗaure a jikin babur, ka danne shi da tafin hannu yayin cirewa domin sifirin yana tura shi. Ka zare sifirin, ka kifa ƙafar, ka yi ta tura sanda cikin kube har baƙin man ya ƙare. Ka lulluɓe bakin sanda da leda kafin ka zura sabon zobe, ɓangaren da ke da ɗan sifirin yana kallon ƙasa, ka buga shi da guntun bututun ruwa na roba maimakon sukundireba. Ka zuba man gwafa, wanda yawanci lamba 10 ake sa wa ƙananan babura, gwargwadon abin da littafin babur ɗin ya faɗa, sannan ka auna tsayinsa daga bakin sanda, sifirin yana waje sanda kuma ta nutse har ƙasa, ƙafafun biyu su zo daidai. Yaro ɗan sakandare zai bi wannan ba tare da an nuna masa hoto ba.

Saboda haka a rubuce zan riƙa cewa gwafar gaba, in bar wa ta baya sunan shoka. A Suame, inda cinikin ya fi gudana da yaren Twi da Turanci, sai mutum ya tafi da tsohon zoben a aljihu ya ajiye a kan teburin mai shago.

Saura ƙarfe ɗaya, wato ɗan bututun da ke ɗaure a gindin kube da ƙusa daga ƙasa, wanda mai yake bi ta hujojinsa da ƙyar, abin da ke hana babur yin ta tsalle bayan ya faɗa rami. Da na ciro nawa na ɗaga shi a rana, siriri ne, cikinsa rami, ga huji a gefe, sai ƙanena ya ce, "Yaya, ai wannan sarewa ce." Na rubuta shi haka a jerin sunayen.