Ɗora sabon inji a tsohuwar mota Datsun 240Z: abin da 'yan uwa suka ce da aka tambaye su yadda za a yi

1. An yi ittifaƙi: in za ka Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota a Legas, sayo injin tokumbo haɗe da giyabos, kwamfutarsa da wayoyinsa. Tsinto su ɗaiɗai ne ke hana mota tashi.

2. Famfon mai na kafireto ba zai iya ba. Injin injekta na son matsin mai kusan bar 3 (bar ma'aunin matsi ne), da bututun mayar da mai tanki.

3. Injin 1JZ na Toyota mai kaskon baƙin mai a gaba yana dukan ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, a nemi mai kasko a baya.

4. Lagireto babba da fankar lantarki, saboda cunkoson Legas.

An rabu kan inji: wasu RB25, tunda injin gidan Nissan ne kamar Datsun ɗin, wasu 1JZ don samun kayan gyara. Birki kam, kowa ya ce a ƙara masa ƙarfi.