Magma da lava: wane suna za mu ba su da Hausa?

Malamin jogarafi, Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. "Dutse mai aman wuta" ya riga ya zauna a bakin kowa, gidajen rediyo sun gama mana wannan aikin. Inda na maƙale shi ne magma da lava. Jiya a aji na ce duka biyun narkakken dutse ne, sai wata yarinya ta ɗaga hannu: "Malam, to me ya sa Turawa suka ba su suna biyu?" Na ce na farko yana can ƙarƙashin ƙasa, iskar gas na cakuɗe a cikinsa, na biyu kuwa shi ne wanda ya fito fili gas ɗin ya tsere. Ta ce to da Hausa fa? Ƙararrawar tashi ce ta cece ni.

Ɗaliba, Samaru:
Malam, a ara mana kawai. Magma da laba.

Malamin jogarafi:
Laba ai ta mahauta ce. In na rubuta a allo "laba ta cinye gari", yara za su ɗauka tsadar nama nake nufi.

Tsohon mai fassara, Ƙofar Doka:
Ɗana, amsar rabin tambayarka tana cikin sunan da ka fara kawowa. Abin da ke cikin mutum abinci ne, in ya dawo ta baki sunansa amai. Tunda mun yarda dutsen amai yake yi, lava shi ne aman dutse. Ni "wuta" ɗin ce ma ba ta kwanta mini ba, don babu abin da ke ci da wuta a can ciki. Dutse ne ya narke, zafinsa daga digiri 700 zuwa 1,200 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa yake ja kamar ƙarfe a maƙera. Amma kalmar ta bi jiki, ba mai ƙwace ta daga bakin mutane yanzu.

Malamin jogarafi:
Allah ya ƙara girma, Baba. Aman dutse ya shige ni. Saura na ciki.

Malamar firamare, Sabon Gari:
Ku maza ba ku tsayawa gaban murhu ne. Talge! Ku leƙa tukunyar tuwo kafin a zuba gari. Idan talgen ya yi ruwa-ruwa, tafasa yake yi a hankali, tururi na fita abinsa. Idan ya yi kauri, tururin ya rasa hanya, sai ka ga ya kumbura ya fashe, ya fantsamo maka a hannu. Har yau akwai tabonsa a wuyan hannuna na dama. Ku ce talgen dutse.

Ɗaliba, Samaru:
Wallahi Anti kin gama magana, abin da ake koya mana ke nan. Sinadarin silika, wanda ake samu a cikin yashi, shi ne ke kawo kaurin. Wanda silikarsa kaɗan ce tsinkakke ne, gudu yake yi kamar ruwa, irin na dutsen Nyiragongo da ya malala cikin birnin Goma na Kwango a Janairun 2002, ya sake tashi a Mayun 2021. Mai kauri kuwa riƙe gas yake yi har sai ya tarwatse, kamar Pinatubo a Filifin a 1991, wanda hayaƙinsa ya rage zafin duniya da kusan rabin digiri. Na janye laba.

Tsohon mai fassara:
Hajiya, kalmarki ta yi daɗi, sai dai ina da ja. Talge hanyar tuwo ce. Ina tuwon a nan?

Ɗaliba, Samaru:
Baba, ga shi can kuna ganinsa kullum: dutsen Kufena na nan Zariya. Irin wannan dutsen ba aman dutse ba ne. Talge ne da bai samu hanyar fita ba, ya huce a hankali a can ƙasa, daga baya zaizaya ta kwashe abin da ya rufe shi. Ku ɗauki ɓallinsa ku duba, za ku ga ƙwayoyi manya-manya, fari da baƙi da masu ƙyalli, don sun samu lokacin girma. Aman dutse da ya huce a fili da sauri, kamar baƙaƙen duwatsun yankin Biu, ƙwayoyinsa da ƙyar ido ke gani.

Tsohon mai fassara:
To, na sallama. Shekara saba'in ina kallon tuwo ban sani ba.

Malamin jogarafi:
Ranar Litinin zan rubuta su a allo: talgen dutse a ciki, aman dutse a waje. Sai dai na san yarinyar nan, za ta tambaye ni toka. Abin da ya binne garin Fomfei na Italiya a shekara ta 79 ba tokar itace ba ce, niƙaƙƙen dutse ne mai kaifi kamar garin gilashi. Malama, akwai wani abu a madafi da ya yi kama da wannan?

Malamar firamare:
Bari in sauke tukunya tukuna.