Neman shawara: duhu da sanyin hunturu sun sa na kasa gane kaina

Baƙuwar Sanyi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawara, musamman daga waɗanda suka daɗe a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. Wannan ne hunturuna na farko a irin wannan yanayi, kuma tun da watan Nuwamba ya kama na rasa gane kaina. Barci ba ya isata komai yawansa, ina tashi jiki a mace. Ina fita aiki da duhu, in dawo da duhu. Abin da ya fi damuna shi ne zuciyata. Haka kawai sai ƙunci ya rufe ni, ba wanda ya ɓata min rai, har wayar 'yan uwa nake ƙyuyar ɗagawa. Yarana kuwa murna suke da ƙanƙarar, ni kuma tsoron barinsu su fita nake yi. Haka kowa ke ji ne, ko ni kaɗai ce? Kuma mutum yana sabawa kuwa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu. Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba lalaci ba ne. Alamomin da kika lissafa sun yi kama da ciwon damuwa mai zuwa da yanayi, wanda likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa suka yi bayaninsa a Amurka a 1984. Ya fi kama mata. Mutane da yawa sanyi suke ɗora wa laifi, alhali ƙarancin haske ne babban dalili. Hasken da ke shiga ido da safe shi ke saita agogon jiki, ya tsayar da sinadarin melatonin mai sa barci. Idan gari bai waye da wuri ba, jiki sai ya ci gaba da zama kamar dare ne.

Don haka ki fara neman haske kafin komai. Lokacin hutun rana a wurin aiki ki fita waje ko da na minti 20 ne. Ko ranar da hadari ya rufe sama, hasken waje ya ninka na cikin ɗaki nesa ba kusa ba. Akwai kuma fitila ta musamman mai ƙarfin lux 10,000 (lux ma'aunin haske ne) da ake zama a gabanta minti 20 zuwa 30 bayan tashi daga barci. Ba kallonta ake yi kai tsaye ba, a gefe ake ajiye ta mutum yana harkarsa. Amma mai ciwon ido ko mai shan maganin ƙwaƙwalwa ya fara tambayar likita.

Ki je asibiti a duba jininki ma, don ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo irin wannan gajiya. A ƙasashen da ke can arewa rana ba ta da ƙarfin da fata za ta haɗa bitamin D a watannin sanyi, mu masu baƙar fata abin ya fi shafarmu. Hukumomin lafiya na Birtaniya suna ba da shawarar shan maikirogiram 10 na bitamin D a kullum a wannan lokaci.

Direban Dare:
Hajiya, ni ta ɓangaren sutura zan taimaka, don wanda ke jin sanyi a ƙashinsa ba zai fita neman haske ba. Jibgegiyar riga guda ɗaya ba ta isa. Hawa uku ake yi: ta ciki mai tsotse gumi, ta tsakiya mai riƙe ɗumi kamar ulu, sai ta waje mai tare iska da ruwa. Kada auduga ta zama ita ce a jikin fata, don idan ta jiƙe da gumi sanyi take ƙara wa mutum. Takalmi ya zama mai ƙasan roba mai haƙora, kuma kada ya matse ƙafa. A kan sulɓin ƙanƙara ki riƙa gajeren taku, hannu a waje ba a aljihu ba.

Idan za ki duba yanayi kada ki tsaya kan lambar sanyi kawai, ki duba yadda yake idan an haɗa da iska. A Kanada suna gargaɗin cewa idan ya kai digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, fatar da ke buɗe na iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kunne, hanci da yatsu ne ke fara shiga haɗari. Idan wuri ya yi fari ya daina jin taɓi, kada a murza shi, a saka shi a ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba.

Abu ɗaya da nake roƙon kowa: ko wuta ta ɗauke, kada a kunna gawayi ko janareta a cikin gida don jin ɗumi. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Maman Biyu:
Ki bar yaran su fita, ke ma ki bi su. Ni ta dalilin yarana na fara son lokacin nan. Ranar da ƙanƙara ta zuba sabuwa rana kuma ta fito, hasken da ke tashi daga ƙasa kansa yana wartsake mutum. A garin Tromso na Norway rana ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, amma yara suna zuwa makaranta suna wasa a waje. Ki dai riƙa duba safar hannunsu, idan ta jiƙe su shigo a sauya.

Dattijo:
'Yata, zan faɗa miki gaskiyata ko da ta saɓa wa ta Maman Biyu. Na tsufa a cikin wannan sanyi kuma har yau ban so shi ba. Kada ki sa wa ranki cewa dole sai kin so shi, in ba haka ba za ki ƙara wa kanki wani nauyin. Abin da na koya shi ne zama da shi. Daga 21 ko 22 ga Disamba rana ke fara ƙara tsawo, amma sanyi ya fi tsanani a Janairu da Fabrairu, don haka kada ranki ya karaya idan kika ga sabuwar shekara ta shigo abin bai sauƙaƙa ba. A cikin duk abin da kika rubuta, maganar ƙin ɗaga waya ce ta fi tsaya min a rai. Kaɗaici ya fi sanyin cin mutum. Ki ware rana ɗaya a mako da za ki haɗu da mutane ido da ido, ki je ko ba kya jin zuwa.

Baƙuwar Sanyi:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, maganarka ta shige ni, yau zan kira yayata. Anti, idan na fara fita rana da amfani da fitilar, yaushe zan fara ganin sauƙi? Kuma ta yaya zan gane cewa abin ya wuce na gida?

Anti Nas:
Masu amfani da fitilar da yawa suna jin bambanci cikin mako ɗaya zuwa biyu, idan ana yi kullum da safe. Kada ki yi da dare, za ta hana ki barci. Amma idan ƙuncin ya kai mako biyu yana zuwa kusan kowace rana, ko ya fara hana ki aiki da kula da yara, ki ga likita ba tare da jiran fitila ba, don akwai magani da kuma zaman tattaunawa da ƙwararru. Idan kuwa tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, a ranar ki faɗa wa wani na kusa da ke ku tafi asibiti tare.