Musayar Waƙa: Hannun da Aka Miƙa a Agege

Mai Goro, Agege, Ikko:
Assalamu alaikum. Jiya shugabannin jam'iyyu biyu na mazaɓarmu suka haɗu a bakin rumfata. Tare suka yi makarantar allo. Ɗaya ya miƙa hannu, ɗayan ya kau da kai ya wuce, yaransu na kallo. Abin ya hana ni barci. Mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ba".

Da sunan Rabbu zan buɗe batuna,
Wanda mulkinsa ba zai gushe ba.
Na ga manya biyu bakin rumfata,
Hannu ya miƙu, ba a karɓa ba.
Goro in ka ɓare shi biyu ne,
Ɓari bai taɓa ƙin ɗan'uwa ba.
Waziri Ibrahim a 1979
Ya yi kiran siyasa ba da gaba ba.

Dattijon Obalende:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka sosa min inda ke ƙaiƙayi.

A nan Ikko Balewa ya riƙe gwamnati,
Awolowo na adawa, bai yi shiru ba.
Zaure guda suke zama su yi ja,
Ba a ce wane ba ɗan ƙasa ne ba.
A 1993 Kano ta bi Abiola,
Ta bar ɗanta Tofa, ba ta duba yare ba.
A 2015 Jonathan ya kira Buhari,
Tun ba a gama shelar sakamako ba.
Wayar nan ta sa mun kwana gidajenmu,
Ba mu ɗaure kaya mun nufi tasha ba.

Ɗan Dako, Mile 12:
Baba, a gafarce ni, ina da ja.

Zauren nan da kake yabo, Baba,
Bai hana ɗaure Awolowo a 1963 ba.
Manya su sa hannu a takardar sulhu a Abuja,
Rungumar ba ta sauko unguwa ba.
Da dare su ci tuwo a akushi ɗaya,
Yaransu ba su ajiye gora ba.
Maris 2016 aka rufe kasuwarmu,
Tumatir ya ruɓe, ba a sauke ba.
Kaina da ya saba da nauyin kwando
Ya yi kwanaki bai ɗau ko albasa ba.
Wa ya biya mu? Wa ya zo jaje?
Ni dai ban ga mai babbar riga ba.

Malama, Idi-Araba:
Ɗana, ka yi gaskiya, amma kar ka zubar da takardar. Kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami da Bishop Kukah ya yi amfani, saura ya iso ƙasa.

Fabrairun 2002 ina nan,
Na ga wutar da ba ta tambayi suna ba.
Maƙwabciya Bayarabiya ta ɓoye 'ya'yana
Ƙarƙashin gado, ba ta tona mu ba.
Shugaba, harshenka ashana ne,
Kar ka ƙyasta inda ba ka kwana ba.
Ka soki aikin abokin takara,
Ban da iyayensa, ba su tsaya zaɓe ba.
In kun gaisa, ku gaisa a fili,
Sulhun ɗaki bai kashe wutar titi ba.

Ɗan Dako:
Na karɓa, Mama. In a fili ne, zan zo.

Mai Goro:
Madalla. Na aika wa shugabannin biyu, ɗaya ya amsa, ɗayan ya ce zai yi shawara.

Juma'a in an sauko masallaci,
Tabarma na nan, ban naɗe ta ba.
Baba, taho daga Obalende da wuri,
Kai ne wanda ba za su ƙi ji ba.
Na ware farin goro ƙwarya guda,
Na yayyafa ruwa, ban buɗe ganyen ba.