Turaren bazara a Legas: abin da 'yan uwa suka faɗa

Na tattara shawarwarin da aka bayar kan irin turaren da ya dace da zafin bazara a Legas, ga su a taƙaice.

1. Kusan kowa ya yarda zafin Maris da Afrilu a nan ba irin na Kano ba ne. Can iska a bushe take, nan kuwa laima ce, gumi ba ya bushewa. Turare mai nauyi kan rikiɗe ya hau kai, musamman in cunkoso ya tsare ka cikin danfo, wato ƙaramar bas ta haya, daga Agege zuwa Obalende. Da rana a nemi mai sanyin ƙamshi, irin na lemo ko farin almiski.

2. Humra ce ta raba kan mata. Wasu sun ce a adana ta sai dare ko biki. Wasu suka ce sam, ɗigo ɗaya a bayan kunne ya isa, kuma ni ma nan na karkata.

3. Turaren wuta: a turara kaya tun da daddare, domin damina na ƙaratowa, tufafi kan yi warin sanyi.

4. In za a saya a kasuwar Balogun, a shafa a wuyan hannu, a zagaya kasuwa, a sake shinshinawa kafin a biya. Jabu ya yi yawa.

5. Kada a bar kwalba cikin mota.