"Kaboyin kufai": sunan da ya dace da waɗannan finafinan

1/ Akwai wasu finafinai da Turawa ke kira post-apocalyptic western. Duniya ta wargaje, babu gwamnati, babu ɗan sanda, sai hamada da 'yan tsirarun mutane suna kashe juna a kan ruwa ko fetur. Muna kallonsu amma ba mu da sunan kiransu. Rabin sunan dai, wato western, a hannu yake, tun zamanin iyayenmu ake cewa fim ɗin kaboyi. Ɗaya rabin, wato post-apocalyptic, shi ne ke ba da wahala.

2/ Wani ya kawo "bayan tashin duniya". Ban yarda ba. Idan duniya ta tashi, hisabi ne ya rage, babu mai yawo da mota yana neman galan ɗin mai. Kalmar tana da nauyin addini, bai kamata a ɗora ta a kan fim ba. "Bayan halaka" ta fi dama-dama, sai dai halakar wa? "Bayan rugujewar duniya" kuwa daidai ne, amma kafin ka gama faɗa an cinye rabin fim ɗin.

3/ Ni "kufai" na zaɓa. Kufai wuri ne da mutane suka taɓa zama suka watse, ga alamun gidaje ga tsohuwar rijiya, ba kowa. Ya wuce kango, domin kango gida ɗaya ne, kufai gari ne sukutum. Kuma bai damu da abin da ya kori mutanen ba, ko yaƙin nukiliya ne, ko annoba, ko fari. Su ma finafinan ba su cika damuwa ba. A minti biyun farko wata murya za ta ba ka labarin yadda komai ya lalace, a haɗa da tsofaffin hotunan yaƙi marasa launi, shi ke nan an wuce wurin. Haka Mad Max 2 na 1981 ya buɗe.

4/ Me ya sa "kaboyi" zai zauna alhali sau da yawa ko doki babu? Saboda ƙashin labarin na finafinan kaboyi ne. Baƙo ya iso shi kaɗai, ba ya son magana, ba a san asalinsa ba. Ya tarar da 'yan mutane masu wani abu mai daraja, azzalumai sun kewaye su. Da farko ya ce ba ruwansa, daga baya ya shiga faɗan, ya gama ya kama gabansa, wani yaro na binsa da kallo. Wannan shi ne labarin Shane, fim ɗin kaboyi na 1953. Steel Dawn na 1987, wanda aka ɗauka a Namibiya, bai ko ɓoye kwaikwayon ba: jarumin fim ɗin, Patrick Swayze, ya sauka a gonar wata mata da mijinta ya mutu, tana da ɗa ƙarami, wani mai ƙarfi yana son ƙwace ruwanta. Takobi kawai aka ba shi a madadin bindiga.

5/ Ƙarancin kuɗi ne ya haifar da yawancin al'adun nan. Hamada ba ta karɓar kuɗin haya. Idan labari ya ce mutane sun ƙare, ba sai ka biya taron jama'a ba. Tsohuwar mota a yi mata waldar ƙarafa masu tsini, a ɗaura wa mugu guntun taya a kafaɗa, an gama kayan wasa. Shi ya sa bayan George Miller, daraktan Mad Max 2, ya yi nasara daga Ostareliya, 'yan fim na Italiya suka bazama ramukan fasa dutse, Cirio Santiago kuma ya yi Stryker a Filifin a 1983, inda rigimar duka a kan ruwa take. Jarumi marar surutu ma sauƙi ne ga mai ɗora murya da wani harshe.

6/ Saboda haka: "fim ɗin kufai" ga dangin gaba ɗaya, "kaboyin kufai" ga wanda ke da baƙo da hamada. Irin fim ɗin darakta Enzo Castellari na 1982 da labarinsa ke faruwa a unguwar Bronx ta birnin New York, inda gungun 'yan daba ke rabon tituna, ba zan sa masa "kaboyi" ba. Wannan fim ɗin kufai ne kawai.