Taƙaitawa: Shin labaran wasannin bidiyo na harbi na soja suna kama hankali?

1. A muhawarar da aka yi kan wannan tambaya, galibin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa mamayar da Rasha ta yi wa Amurka a labarin wasan Call of Duty: Modern Warfare 2 na 2009 ba ta kama hankali, domin da wuya runduna guda ta tsallaka teku ba a hango ta ba, ko da an yi wa na'urorin tsaro kutse.

2. Shawarar da ta rinjaya ita ce mai wasa ya nemi kamanni da gaskiya a makamai, ba a labari ba.

3. An rabu kan fitowar Modern Warfare ta 2019, wadda ta ɗora wa Rasha harin "hanyar mutuwa", alhali Amurka da ƙawayenta ne suka kai irinsa tsakanin Kuwait da Iraƙi a 1991. Wasu sun ce Urzikstan, inda harin ya faru a wasan, ƙasa ce ƙirƙirarriya, wasu kuma suka kira shi murguɗe tarihi.